Ranar da Aka Ce da Baba Ɗan Kallo

Mahaifina birkila ne kafin ya zama ɗan kwangila, kuma har ya koma ga Allah bai daina ɗaukar kansa birkila ba. In wani ya kira shi ciyaman a wurin taro, sai ya waiga yana neman wanda ake nufi. A zauren gidanmu na Gwallaga kamfanin ya fara, da wani tebur mai gurguwar ƙafa da aka tokare da guntun bulo. Ina gama makaranta ya ce in zo in riƙe masa ofis kafin ya sami wanda ya iya. Bai taɓa neman wanda ya iya ɗin ba, ni ma ban tuna masa ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, uwata yake cewa. Wannan ya ba ni bakin da sauran 'ya'yansa ba su da shi, kuma wallahi na mori bakin nan son raina. Yayana, babban ɗansa, shi ya karanta aikin injiniya, shi yake zagaya wuraren gini. Yaya mutum ne mai sanyi, sai ka yi masa tambaya ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ya amsa. Ni kuwa ko ba a tambaye ni ba na riga na amsa.

Akwai wata magana a kamfaninmu da ba mai faɗinta sai Baba. Ba a zuba kankare a ko'ina, tushe ne ko linta ko dekin bene, sai ya zo da ƙafarsa. Zai naɗe babbar riga a kafaɗa ya hau kan katako, ya taka rodi ya ji ko an ɗaure shi da kyau, ya ɗebi yashi ya murza a tafin hannu. Leburori na tsaye da kwanon sarki, Musulmi da Kirista, ba mai motsi. Sai ya ɗaga hannu a yi addu'a, ya shafa, ya ce, “A zuba, Allah ya sa albarka.” A nan injin kwaɓa zai tashi. Ba wai Yaya bai iya dubawa ba ne, ya iya sarai, sau da yawa ma shi ya riga ya duba tun da safe. Amma aiki ba ya zama aiki sai Baba ya faɗi tasa. Kowace safiya kuma fomanoni sukan cika bencin ƙofar ofis, a sayo masa mai zafi da miya, suna ci suna gaya masa abin da kowane gini yake buƙata, shi kuwa yana ce wa wannan je ka, wancan dakata.

Haka muka yi shekaru, kuma lafiya lau, muddin ginin biyu ne ko uku duk a cikin gari. Sai Allah ya buɗa. Muka bar zaure muka kama ofis na gaske mai fanka da labule. Muka sami rukunin gidaje a Tirwun, da ajujuwan makaranta a Zungur, da jerin shaguna a cikin gari, duk a lokaci guda. A nan kaina ya fara hayaƙi. Tifar yashin da ake jira a Zungur sai a je a juye ta a Tirwun. Foman biyu su aiko neman rodi iri ɗaya, a saya sau biyu, na ukun da yake matuƙar buƙata kuwa a manta da shi. Wayata ta cika da saƙonnin murya, kowa yana magana iska na busawa, ba ka jin ko buhu goma ya ce ko buhun goro. Kowane fushi a kaina yake saukowa, ni kuma in juye shi kan Yaya, Yaya ya haɗiye.

Abin da ya kai ni bango ya faru wata rana da damina. An shirya zuba dekin a Tirwun, an ɗauko leburori masu yawa, an yi hayar injin kwaɓa. Da asuba aka aiko wa Baba cewa wani amininsa ya rasu a ƙauye, ya tafi jana'iza, wayarsa a kashe. Mutane suka yini a tsaye suna jiransa. Yaya na wurin, komai ya duba, amma foman ya ce shi kam ba zai tayar da inji Alhaji bai ce ba, Yaya ma bai iya matsa masa ba. Da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, kowa ya watse. Washegari na tsare su duka biyun a ofis na ce, “Baba, ko dai a kawo manhajar kwamfuta da za ta tsara mana aikin nan, ko kuwa ku nemi wata uwar, ni na gaji.” Baba ya yi dariya ya ce, “Uwata ta yi fushi, a nemo mata abin da take so.” Har yau ban ga laifina a wannan ba. Abin ya wajaba.

Masu sayar da manhaja suka fara zuwa. Na farko daga Abuja ya zo, da kwat da turare, ya haska mana hotuna a bango yana zuba Turanci ba numfashi. Tasa ba ta aiki sai da sabis kullum. Na ce masa, “Malam, ka taɓa zuwa Zungur? Can in za ka tura saƙo sai ka hau tsibin tsakuwa ka ɗaga waya sama.” Ya ce ai za a gyara sabis nan gaba. Na ce to in an gyara ya dawo. Wani kuma ya kawo wadda aka yi don masu kanti, sai tambayata yake kayanmu nawa ne a kan kanta, kamar muna sayar da sabulu.

Wanda muka ɗauka mutumin nan jihar ne, daga ƙauyukan kudu, magidanci mai haƙuri. Karatu ya kawo shi Bauchi, kuma Hausarsa ta kasuwa ce da cikin mota, irin wadda rabin garin nan ke yi, ba ruwanta da mace ko namiji. Tasa manhajar tana aiki ko ba sabis, in waya ta samu sai ta tura. Foman zai ɗauki hoton rodi da katako, ya rubuta abin da yake so, ya aiko, wanda ke da iko ya danna wani koren wuri, shi ke nan an amince. Baba yana zaune a duk zaman da aka yi, shi ne mai aika a sayo wa baƙi masa. Tambaya ɗaya kawai ya yi wa mutumin. Ya ce, “Ɗana, abin nan zai gane idan an haɗa yashi da ƙasa?” Mutumin ya rusuna ya ce, “A'a Baba, wannan sai ido.” Baba ya ji daɗin amsar nan ƙwarai. Ya ce a saya.

Koyar da fomanoni ya ci mana rai. Akwai wanda yake ɗaukar hoton babban yatsansa a maimakon rodi, akwai wanda ya ba matarsa wayar kamfani ta tafi da ita biki. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Amma da abin ya zauna, ai sai ga shi ya yi aiki. Yashi ya daina ɓata hanya. Na fara komawa gida da sauran rana. Har na fara yi wa mutane murmushi, direbanmu ya ce ko ba ni da lafiya ne.

An sa wa Baba manhajar a wayarsa, da ikon amincewa kamar na Yaya. Yana son abin a farko, yana zama ya yi ta duba hotuna yana matso da waya kusa da ido. Sai dai idon ya yi rauni, kuma yatsunsa na birkila ne, masu kauri, fatar ta yi kanta. Wata rana yana so ya ƙara girman hoto sai ya danna jan wuri bai sani ba, ya soke simintin da za a kai Zungur. Mota ta riga ta fita gari aka kira direba ya juyo. Aiki ya tsaya a can, foman ya bugo yana kumfar baki. Ba wanda ya gaya wa Baba shi ne ya yi. Yaya ya ja mai manhaja gefe ya ce ya gyara wayar Baba yadda zai riƙa ganin komai amma ba abin da zai lalace in ya danna. Ni ma bai gaya mini ba, don ya san bakina.

A hankali bencin ƙofar ofis ya fara zama wayam. Foman da zai iya turo buƙatarsa daga Tirwun me zai sa ya biya kuɗin keke ya shigo gari? Baba yana zuwa da safe kamar kullum, a sayo masa, ya ci biyu, sauran su huce. Ya tambaye ni, “Uwata, ina mutanen nan suka shige?” Na ce suna wurin aiki, ta waya suke turowa yanzu. Ya ce, “To madalla, hakan ya fi.” Ana kiransa zuba kankare idan babba ne, amma ƙananan, linta da ginshiƙi, sai dai ya ga hotonsu bayan sun bushe. Bai yi ƙorafi ba, ni kuwa aiki ya sha kaina ban tsaya na kalle shi da kyau ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Mai manhaja ya zo yana gyara mini wani abu a kwamfuta. Direbanmu na tsaye a bakin ƙofa, da wani tsohon foman da ya zo karɓar takardar zane. Hoto ya shigo wayar Baba daga Tirwun, an gama ɗaurin rodi ana neman izini. Na ga yana dannawa, yana sake dannawa, yana goge yatsa a riga yana ƙarawa. Sai ya ce, “Ɗana, zo ka duba mini, wayar nan ta lalace.”

Mutumin ya taso da sauri ya karɓa da hannu biyu. Ya duba ya yi murmushi, murmushin mai shirin kwantar wa dattijo hankali. Ya ce, “A'a Baba, waya bai lalace ba. Kowa da matsayinsa a ciki. Injiniya shi ne mai amincewa. Hajiya 'yarka shi ne mai shigar da aiki. Kai ɗan kallo ne.”

Baba ya ce, “Ɗan me?”

Ya ce, “Ɗan kallo, Baba. Kana ganin komai, amma ba ka taɓa komai.”

Innalillahi. Kalmar da ke rubuce a ƙarƙashin sunan Baba ta Turanci ce, kuma a Turancin ba ta da ƙaya ko ɗaya. Bawan Allah nan ya juya ta ne zuwa Hausar da ya sani. Bai san cewa a wurinmu ɗan kallo shi ne wanda ke tsayawa a tsallaken titi idan gida ya kama wuta ba, ko wanda ke leƙen bikin da ba a gayyace shi ba. Direba ya sunkuyar da kai. Tsohon foman ya juya yana kallon bango kamar an rubuta wani abu a kai.

Baba ya ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ido. Ya kife wayar a kan tebur, ya gyara hularsa, ya ce bari ya je masallaci. Ko kusa lokacin la'asar bai yi ba.

Yana fita na sauke wa mutumin nan kwandon faɗa wanda bai cancanta ba gaba ɗaya. Ya tsaya yana rarraba ido bai san me ya yi ba, sai da direba ya ja shi waje ya fassara masa maganarsa. Ya dawo idonsa ya yi ja. Washegari da sassafe ya nemi gidanmu a Gwallaga, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure yana ba Baba haƙuri, yana rantsuwa da Allah shi bai san nauyin kalmar ba. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Tashi, ɗana. Ai ba ka yi ƙarya ba.” Da ma zaginsa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ni da Yaya kuwa mun yi ta a ofis, na rufe ƙofa don kada ma'aikata su ji, kuma na san sun ji. Na ce, “Yaya, mutumin da ya ɗauki bulo a ka ya biya maka makaranta, shi ka mayar ɗan kallo?” Ya ce, “Ke, so kike a sake juyo da mota daga hanya? So kike ya gane shi ya soke simintin nan? Kunyarsa nake rufewa.” Na ce ga shi nan ka rufe. Ya zauna ya dafe kai, sai na ga hawaye na ɗiga a kan takardar zane. Tunda nake ban taɓa ganin Yaya na kuka ba, sai faɗan ya fita daga kaina, na zauna ni ma.

Baba bai zo ofis washegari ba, bai zo jibi ba. Ya ce gwiwa ce. Innarmu ta gaya mini kullum in ya dawo sallar asuba yakan yi wanka ya sa kayan fita, har da hula da agogo, sannan ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna. In maƙwabta sun ce Alhaji yau ba a fita ba, sai ya ce yara sun hutar da shi. Abinci ya ragu. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Na je na zauna kusa da shi na yi ta zuba surutu, ina ba shi labarin shirmen fomanoni, yana murmushi yana cewa uwata ba ta gajiya. In na ce gobe direba zai zo ya ɗauke shi, sai ya ce bari dai gwiwar ta yi sauƙi. Baƙin ciki ya ishe ni, don na san gwiwar nan lafiyarta ƙalau, da ita yake zuwa masallaci sau biyar.

Muka yanke shawarar mayar masa da ikonsa, kuma a yi shi yadda zai gani da idonsa. Mai manhaja ya ba da kansa ga aikin nan kamar mai neman gafara. Ya ƙara girman koren wurin ya cika rabin fuskar waya, ya ɓoye jan yadda sai an nema. Ya goge waccan kalmar, ya rubuta Maigida da Hausa a ƙarƙashin sunan Baba, ya sa shi a sama da kowa, duk wata buƙatar zuba kankare wurinsa za ta fara zuwa. Muka jira aiki na gaske, don Baba ba yaro ba ne da za a ba shi abin wasa. Dekin gida na ƙarshe a Tirwun ya zo, foman ya turo hotuna da hantsi, ma'aikata na tsaye. Muka ɗauki wayar ni da Yaya muka tafi Gwallaga.

Mun same shi a zaure cikin kayan fita. Muka gaishe shi muka zauna a gefen tabarma. Yaya ya miƙa masa wayar ya ce, “Baba, Tirwun ne, kai ake jira.” Na nuna masa kalmar da ke ƙarƙashin sunansa, ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Sai ya gyara zama. Ya ce in buɗe masa hotunan. Ya daɗe yana duba, ya ce in matso da kusurwar gabas, in matso da wajen matakala. Ya tambayi wa ya yi ɗaurin, Yaya ya gaya masa, ya ce ai ya sani, hannun mutumin ba ya ɓuya. Muryarsa ta dawo, wallahi ta dawo, har ya yi wa Yaya faɗa kan wani katako da ya ga ya ɗan karkace, Yaya na cewa to Baba, za a gyara, fuskarsa cike da murna. Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina shi ke nan, gobe sai a sayo masa da yawa.

Ya ɗora babban yatsansa a saman koren wurin. Sai ya tsaya. Ya ɗago ya kalle ni, ba Yaya ba.

Ya ce, “Uwata, in ban danna ba fa?”

Yaya ya kafa wa tabarma ido. Mu biyun mun san amsar. Tun ranar da aka kafa manhajar aka sa mata ƙa'ida, in wanda aka tura wa buƙata bai amsa ba zuwa wani lokaci, sai ta wuce wurin na ƙasa da shi, don kada mutane su yini a tsaye. Da ƙa'idar nan muka saye ta, ita ce ma dalilin sayen. Na so in ce masa aiki zai tsaya cak sai ya yarda. Kalmomin sun zo har bakina. Amma mutumin da yake kirana da sunan uwarsa, ban iya yi masa ƙarya yana kallon idona ba.

Na ce, “Zuwa azahar za ta wuce wurin Yaya, Baba.”

Ya ce, “Shi ya danna, a yi aiki.”

Na ce, “E.”

Ya gyaɗa kai a hankali, ya janye yatsansa. Sannan ya ce, “Alhamdulillahi. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya sa aikin nan ya tsaya da ƙafarsa bayan raina. Ga shi ya amsa. Ni dai ban zaci zai fara tun ina zaune ba.”

Na fashe da kuka, na ce Baba don Allah ka danna. Ya ce, “Haba uwata, babba da ke.” Ya miƙa wa Yaya wayar ya ce, “Karɓi, kada ka bar bayin Allah a rana har azahar. A gyara katakon nan tukuna.” Yaya ya karɓa ya danna.

Baba ya raka mu har ƙofar zaure, ya ce mu gaida mutanen ofis. Ya rayu bayan wannan har damina biyu, muna zuwa gaishe shi kusan kullum, yana tambayar yara da jiki da hanya. Bai ƙara tambayarmu labarin wani gini ba.